Magidanci, Yaushe Rabonka da Zama a Tsakar Gida?

Assalamu alaikum 'yan'uwana magidanta, musamman mu da yaranmu ke tasowa yanzu.

Wani abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a nan Garwa, na kuma san haka yake a Marwa da Ngaundere. Mutum ya fita da asuba yara na barci, ya wuni a babbar kasuwa ko a kan babur, bayan isha'i ya zarce majalisa a sha shayi har dare ya raba. Ya ba da kuɗin cefane, ya biya na makaranta, sai ya ɗauka ya sauke nauyi. Na yi shekaru a haka. Ban farga ba sai ranar da malamin allo ya tare ni yana mini barka, wai ɗana ya kai izu biyar. Na amsa da murmushi, amma wallahi ban san ko da surar da yake ciki ba. Ranar ban iya cin abinci ba.

Hutu ba lalaci ba ne. A watan Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40, amma wasunmu gani suke rufe shago na awa ɗaya don ƙailula asara ce. Alhali aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci tsakar rana, lokacin da ake tuɓe tufafi a huta, cikin lokuta uku da yaro zai nemi izini kafin ya shiga wa iyayensa. Wato ana sa ran a tarar da kai a gida. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa ma haka, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi. Gajiyayyen uba ba abin da yake shigowa da shi sai tsawa.

Ku dubi masakwa, dawar rani wadda Fulani ke kira muskuwari. Ana dasa ta a laka bayan ruwa ya ɗauke, ba ta ƙara ganin ɗigon sama har a girbe ta wajen Fabrairu. Da me take rayuwa? Da danshin da ƙasa ta sha da damina. Yaron nan da ke rarrafe a gabanka, wata rana jirgin ƙasa zai ɗauke shi daga Ngaundere zuwa Yawunde, ko neman abinci ya kai shi Duwala, inda babu kawu babu gwaggo. Abin da ya sha a tsakar gidanku shi zai riƙe shi. In kuwa waya ce ta shayar da shi, to ita za ta tsiro.

Kada mu manta da uwar yaran. Ita ke tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa. A bar ta ta runtsa da rana, a kuma ba ta dama ta koma Islamiyya, domin karatunta yaran zai fara amfana.

Ni dai yanzu daga sallar Juma'a ba na komawa shago. Mukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, mu ci tuwo a kwano ɗaya, wayata na ɗaki. Babban ya biya mini allonsa, ƙanwarsa ta karanta mini littafinta na Faransanci tana gyara mini baki. Makon jiya mahaifiyarsu ta yi barci har aka kira la'asar, ba wanda ya tashe ta.