Kano zuwa Dakar, tafiyar awa huɗu an maida ta ta kwana biyu

Wai don Allah sai yaushe za a tausaya wa mai tafiya tsakanin ƙasashenmu na Afirka ta Yamma? Daga Kano zuwa Dakar in aka miƙe ta sama kilomita wajen 2,800 ne fa, jirgi kuma yana cin kilomita 800 da ɗoriya a awa guda, kenan tafiyar ba ta wuce awa huɗu ba, ka yi asuba a gida ka yi azahar a Senegal. Amma je ka nemi tikiti ka ga abin takaici.

Ko dai a gangara da kai Legas, daga nan a jefa ka Lome ko Abidjan ka zauna jiran wani jirgin, ko kuma a ce ka bi ta Addis Ababa. Addis fa! Mutum zai je yamma an nufi gabas da shi sama da kilomita 3,000, sannan a juyo da shi ya sake keta nahiyar gaba ɗaya, jimilla ya haura kilomita 9,000, kamar a ce mai zuwa Katsina daga Kano sai ya bi ta Maiduguri. Kuma kai za ka biya kuɗin wannan zagayen.

Abin da ya fi ƙona min rai su waye ke wannan hanyar. Yawanci dattawa ne masu zuwa ziyara Kaulaha, garin marigayi Shehu Ibrahim Inyass da ke Senegal, sai 'yan kasuwa. Na raka gwaggona, wallahi na ga wahala da idona, an ɗaga jirgin farko ba wanda ya fito ya ce mana ci kanku, kafin mu sauka na biyun ya tashi, kamfanin ya ce ba ruwansa tunda tikitin daban daban ne. A kan kujerar ƙarfe ta kwana, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, ta tada kai da jakarta tana jan carbi, maganin hawan jininta kuma yana cikin akwatin da ba mu san garin da yake ba. In ka sauka ma ba a gama ba, akwai tafiyar mota zuwa Kaulaha.

Kullum sai a ce ai ba fasinja. Haba! A Kano? Garin da jirgin sama ke sauka tun 1925? Gaskiyar magana tun da Air Afrique ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya bi bayansa a 2003, ba a toshe wannan giɓin ba. Ministocin ƙasashen Afirka sun amince da yarjejeniyar Yamoussoukro a 1999 cewa za a buɗe wa jiragen Afirka sararin juna, a 2018 aka sake taruwa a Addis aka ƙaddamar da kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya, amma har yau haraji kan haraji ake laftawa a tikiti, kowace ƙasa na kare nata kamfanin. ECOWAS ta ce ka shiga Senegal ba biza, to ta ina za ka bi ka shiga?

Gwamnoninmu da 'yan majalisa ku zauna da kamfanonin nan, a sa jirgi kai tsaye ko sau ɗaya ne a sati, a fara da lokacin Maulidi ku gani in kujera ɗaya za ta rage.