Hayaƙin da muke shaƙa ba a huhu yake tsayawa ba

Da an ce gurɓacewar iska, sai hankalin mutane ya tafi kan tari da asma. Ba a cika tuna wuya ba, alhali a gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai suna tairoyid, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo ya fito. Sinadaran da take fitarwa, T4 da T3, su ke saita bugun zuciya da ɗumin jiki da yadda jiki ke sarrafa abinci. Idan ta yi sanyi, mutum ya dinga kasala da jin sanyi da ƙiba ba gaira ba dalili. Idan ta yi zafi, sai rama da faɗuwar gaba da rawar hannu.

To, ina ruwanta da iska? A cikin hayaƙin mota da na masana'antu da na itacen girki akwai ƙura da ake kira PM2.5. Kaurin gashin kai ɗaya ya ninka ta kusan sau 30. Saboda ƙanƙantarta takan kai har can ƙuryar huhu, mafi ƙanƙanta ma su shiga jini, ɗauke da ƙarafa da sinadaran ƙuna masu iya dagula aikin sinadaran jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin wannan ƙura da ta yarda da shi a shekara daga maikrogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, kuma ta ce kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya suna shaƙar iskar da ta zarce ƙa'idarta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai juna biyu. A watannin farko ɗan tayi ba ya iya samar wa kansa sinadarin tairoyid, na uwarsa yake amfani da shi wajen gina ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan mata masu ciki a Turai da Amurka ya gano cewa waɗanda suka fi shaƙar wannan ƙura a wata ukun farko sun fi fuskantar ƙarancin T4. Kuma fa waɗannan ƙasashe ne da iskarsu ke da dama-dama. Ina ga matar da take durƙushe gaban murhu safe da yamma, idanu na hawaye, tana hura wuta da baki?

Amma kar wani ya ɗauki maganata ya je yana cewa hayaƙi ne ke kawo maƙoƙo. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke hukunci ba. Har gobe ƙarancin aidin shi ne kan gaba wajen jawo maƙoƙo a duniya, shi ya sa ake sa shi a gishiri. Gado ma yana da nasa kason.

Ni dai ra'ayina, jiran cikakkiyar hujja kafin a motsa sakaci ne, tunda illar wannan ƙura ga huhu da zuciya an daɗe da tabbatar da ita. Kuma ban yarda a riƙa ce wa talaka "kare kanka" kawai ba. Mutum yana iya zaɓar ruwan da zai sha, amma iskar unguwarsa hukuma ce kaɗai ke iya tsabtace ta. A wajen awon ciki kuwa, a riƙa tambayar mace da me take girki da kuma inda take zaune. Wadda aka ga alamun ciwon tairoyid a jikinta, a yi mata gwajin jini na TSH, wanda ke nuna yadda tairoyid ke aiki.