Ƙannena ɗalibai, wa ya aike ku da wannan sanarwar?

Makon jiya wata yarinyar maƙwabtanmu ta dawo daga jami'a tana kuka, jarrabawa ta wuce ta. Da daddare wani ɗan ajinsu ya jefa takarda a zaurensu na WhatsApp, ga tambarin makaranta ga sa hannun magatakarda, wai an ɗage jarrabawar zuwa mako mai zuwa. Ta yi kwanciyarta. Washegari aka zauna aka rubuta. Da aka tsare yaron, amsarsa ke nan: shi ma turo masa aka yi. Yanzu sai baɗi za ta sake kwas ɗin, mahaifinta kuwa tela ne, da ɗinki yake haɗa kuɗin rajistarta.

Turo maka aka yi, sai me? Wa ya aike ka? Haba ƙannena!

Waɗannan zaurukan fa ni'ima ce. Zaure guda na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, wato malami ko shugaban aji zai sanar da aji kaf canjin ɗakin lakca kafin ka gama ɗaura takalmi. A 2020, da korona ta rufe makarantu, ta WhatsApp da Telegram da Zoom wasu malaman suka riƙa tura wa ɗalibansu karatu. Jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna da shafukansu na intanet inda suke fitar da sanarwar rajista da ta shiga sabon zango. Amma wannan hanyar da aka buɗe don sauƙaƙa mana, ita muka mayar kasuwar jita-jita.

Ku tuna yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Sau nawa aka wayi gari da takardar bogi wai an janye? Ɗalibi yana zaune a ƙauyensu, zuciyarsa ta ɗauka, iyayensa sun fara neman kuɗin mota, ashe wani ne ya zauna da wayarsa ya ƙaga don ya ga ana ta yaɗawa. Da aka buɗe neman bashin karatu na NELFUND a 2024, sai ga adireshin shafukan 'yan damfara suna yawo a zaurukan aji, kuma hannun ɗalibai ne ke kai su can. Haka masu cewa za su ƙara makin JAMB, haka masu ba da lambar asusun wani mutum wai a biya kuɗin ɗakin kwana, alhali kowa ya san jami'o'in tarayya ta shafin biyan kuɗi na Remita ake biyansu. Ɗan damfara bai san ajinku ba. Kai ka yi masa jagora, kai ka buɗe masa ƙofa.

Magana zarar bunu ce. Ko ka goge bayan minti biyar, wani ya riga ya ɗauki hotonta ya kai wani zauren. Allah Ya ce mana a Suratul Hujurat idan fasiƙi ya zo da labari mu bincika. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Kamfanin WhatsApp da kansa ya gaji da halinmu, tun 2020 ya hana tura saƙon da ya sha yawo sai ga wuri ɗaya a lokaci guda, bayan ya riga ya sa masa alamar kibiya biyu tun 2019. Kana ganin alamar, ka danna ka tura. Kai da ake koya wa bincike, kai da gobe za ka rubuta kundin kammala digiri!

Ban ma taɓo masu cika zaure da tallar atamfa da lambobin cacar ƙwallo da musun siyasa ba, har sanarwar gaskiya ta nutse ƙarƙashin saƙo ɗari. Ko masu ɗaukar hoton malami yana koyarwa su mayar da shi abin dariya, ko masu kwasar lambobin 'yan mata daga zauren aji suna damun su da tsakar dare. Wannan tarbiyyar gidan wa ce?

Su ma hukumomin jami'o'i da nasu laifin. Shafin da aka bari wata uku ba a sa komai ba, ɗalibi ya yi tambaya ba mai amsawa, dole ƙanzon kurege ya samu wurin zama. Su ware ma'aikacin da zai riƙa amsawa, kowane sashe ya samu zaure guda da shugabanni kaɗai ke iya rubutu a ciki. Ku kuma ku ji tsoron Allah, ku riƙe yatsunku.

Yayyenmu da suka yi karatu ba waya, da ƙafa suke zuwa allon sanarwa na tsangaya, su karanta da idonsu, su kwafa a littafi. In ɗayansu ya ce maka an ɗage jarrabawa, to ya gani ne, don ya san in ƙarya ce kunyar za ta bi shi har ya gama makaranta. Yau mutum ya jawo wa 'yar ajinsa asarar shekara guda, ko haƙuri bai ba ta ba, da yamma kuma ga shi a zauren yana tura wani sabon labarin.