Wasiyyar da Na Bari a Cikin Jirgin da Bai Motsa Ba

Ƙungiyar matasan unguwarmu ta Nima da ke birnin Accra na Ghana ta daɗe tana kai yara ziyarar buɗe ido a lokacin hutun makaranta, amma tafiye-tafiyen ba sa wuce lambun Aburi, ko madatsar ruwa ta Akosombo, ko makwancin Kwame Nkrumah, wato wuraren da dattijo zai tsaya a inuwa ya riƙe wa yara jakunkuna ba tare da an jarraba mutuncinsa ba. A bana ne sakataren ƙungiyar, wanda Allah ya ɗora wa son rubuta wasiƙa, ya aika wa sojojin sama takardar neman izinin ziyara, kuma bayan kowa ya manta da zancen sai ga amsa cewa an amince, har za a bar yara su taɓa na'urar da ake koyon tuƙin jirgi da ita. Rundunar tana da sansanoni a Accra da Takoradi da Tamale. Mai karatu ya zaɓi wanda ya ga dama, domin ni ba zan faɗi inda muka je ba, ina so in ci gaba da gaisawa da masu kaki cikin girma da arziki.

An sa sunana cikin manyan da za su raka yaran saboda sana'ata. Ni mai koyar da tuƙin mota ne, kuma da yawa daga cikin direbobin trotro, wato ƙananan motocin bas na haya, da tasi na tashar Nima ta hannuna suka san bambancin birki da totur. Saboda haka tun a cikin bas, bayan na cika cikina da wake da shinkafa mai taliya da ƙwai da shito, wato soyayyen yajin nan namu, na miƙe na riƙe ƙarfe na yi wa yaran bayani cewa duk wanda zai iya fitar da mota daga Circle zuwa Kaneshie da magariba ba tare da an goge masa fenti ba, to tuƙin jirgi ba zai ba shi wahala ba, tunda a sararin sama babu rami, babu ɗan okada, babu mai tallar ruwan leda da zai faɗo gabanka. Yaran suka yi tafi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kawu, ai kai za ka koya wa sojojin ma." Na ce masa ya daina zuga ni, amma ban ƙaryata shi ba.

A bakin ƙofa aka duba Ghana Card ɗin manya, aka karɓe wayoyin kowa aka zuba a akwati, abin da ya ɓata wa yaran rai ƙwarai, ni kuwa daga baya na gane cewa wannan doka rahama ce. Sajen da ya tarbe mu ya gaishe ni da Hausa tsantsa, ni kuma na yi amfani da damar na tunasar da yaran cewa rundunar da aka kafa a 1879, wadda sojan ƙasar nan ya samo asali daga gare ta, da dakarun Hausawa aka fara ta, don haka mu ba baƙi ba ne a bariki. Daga nan wani hafsa matashi mai fara'a ya zaunar da mu ya ba da tarihi. Ya ce a 1959 aka kafa rundunar sojojin sama ta Ghana, tana makarantar koyon tuƙi da malamai daga Isra'ila. Ya ba da labarin yadda a Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila suke sauke jirage a cikin akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, sannan a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartoum har zuwa Alƙahira. Da ya zo kan Melody Danquah, matar da ta tuƙa jirgin Chipmunk ita kaɗai a 1964, sai na ga 'yar ƙanwata, yarinyar da ko keke ba ta iya ba, ta gyara zama ta fara rubutu a littafinta.

Ɗakin na'urar yana da sanyi har ƙashi. Abin da ke cikinsa wani ɗan keji ne mai kujeru biyu, an zagaye gabansa da manyan allunan hoto masu nuna titin jirgi da ciyawa da gajimare, sannan a bayansa akwai teburin malami da kwamfuta da wani allo inda 'yan kallo suke ganin duk abin da matuƙi yake gani. Hafsan ya ce wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ne ya ƙera irinta ta farko da ta shahara a 1929, kuma da zugazugin kayan kiɗa na masana'antar mahaifinsa ya haɗa ta, aka horar da dubban matuƙa da ita a lokacin yaƙi. Jin haka ya ƙara mini ƙarfin zuciya, domin ban ga dalilin da mutum mai lasin zai ji tsoron jikanyar kayan kiɗa ba. Da na ga kuma matuƙi a kujerar hagu yake zama, kamar yadda direba yake zama a ƙasar nan tun da aka koma bin hannun dama a 1974, sai na ɗauka magana ta ƙare.

Yara suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka faɗa ciyawa, wani ya kifa jirgin da gangan don abokansa su yi ihu. 'Yar ƙanwata kuwa ta zauna tana maimaita duk abin da hafsan ya ce kafin ta aikata, ta tashi, ta kewaya, ta sauko da ɗan tsalle a kan titi, aka yi mata tafi. Na yaba mata daidai gwargwado, amma na nuna mata cewa riƙon sitiyarinta na 'yan koyo ne. A nan ne yaran suka haɗa baki suna kiran "Kawu! Kawu!", hafsan kuma ya miƙo mini abin sawa a kunne mai makirufo ya ce, "Bismillah, Baba."

Ya fara yi mini bayanin agogunan da ke gabana: wannan yana nuna tsawo da ƙafa, wancan yana nuna gudu da ma'aunin not, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, na tsakiya kuma mai shuɗi a sama da ruwan ƙasa a ƙasa shi ne yake gaya wa matuƙi ko a miƙe yake ko a karkace. Na riƙa gyaɗa kai irin na abokin sana'a, alhali idona yana ƙasa, inda na ga abin takawa guda biyu kawai. A lissafina, na hagu kuloci ne, na dama kuma birki, tunda an ce totur da hannu ake tura shi. Ya ce wani abu game da ƙafafun, amma daidai lokacin ina neman madubin gefe, wanda babu shi, kuma har yau ina ganin rashinsa aibi ne.

Na tura totur, jirgi ya fara gudu, na taka kuloci domin in shiga giya ta biyu. Nan take jirgin ya yanke hagu ya bar titi. Na murɗa sitiyari dama da dukkan ƙarfina, bai ko kula ni ba, muka ratsa ciyawa muka nufi wani gini, ni kuma ina dukan tsakiyar sitiyarin da tafin hannu ina neman hon. Hafsan ya tsayar da komai daga teburinsa, ya bayyana cikin ladabi cewa a ƙasa da ƙafa ake juya jirgi, domin abin takawar yana sarrafa tayar gaba da reshen wutsiya, birkin kuma yana can saman su inda yatsun ƙafa suke kaiwa, sitiyarin kuwa aikinsa karkata fukafukai da ɗaga hanci ko sauke shi idan an samu iska. Na ce masa na sani, ina gwada lafiyar abin ne, kamar yadda ya kamata duk direban kirki ya yi kafin ya ɗauki hanya.

Aka mayar da ni bakin titi. A wannan karon na ɗaure ƙafafuna, jirgi ya miƙe sosai, da ya ce in ja sitiyarin a hankali sai na ja, ƙasa ta sulale daga ƙarƙashina, bakin teku ya bayyana. Wallahi abin yana da daɗi. Daɗin ne ya sa na ga babu amfanin hawa a hankali alhali yara suna kallo, na ƙara ja har ƙirjina. Allo ya koma shuɗi gaba ɗaya, allurar gudu ta fara komawa baya, wata ƙara mai huda kunne ta tashi. Abin da ke faruwa, kamar yadda aka fassara mini daga baya, shi ne idan hancin jirgi ya ɗagu fiye da kima iska takan daina bin bayan fiffike yadda ya kamata, sai ƙarfin da ke riƙe da jirgin ya gushe, kuma maganinsa shi ne a tura hancin ƙasa a ƙara wuta. Hafsan yana ta cewa, "Tura gaba, Baba, tura gaba!" To, ina tambayar duk mai hankali: mutum yana faɗuwa ƙasa, a ce masa ya ƙara nufar ƙasa? Na yi abin da na koya wa ɗalibaina shekara da shekaru, wato idan abu ya rikice a rage wuta a taka birki. Na janye totur, na danna ƙafar dama har ƙarshe.

Jirgin ya kifa ta dama ya fara juyawa kamar katantanwar yara. Teku, sama, teku, sama. Wake da shinkafa suka taso har maƙogwaro, shito yana jagorantarsu. Na manta da ɗaki, na manta da kwamfuta, na manta da cewa ƙasan takalmina siminti ne. Na yi salati da ƙarfi, na kawo kalmar shahada, sannan, da yake an hore mu kada mutum ya tafi da hakkin wani a wuyansa, na ɗaga murya na ce a gaya wa uwargida ta biya Hajiya mai koko kuɗin koko da ƙosan da take bina tun kafin azumi, kuma kuɗin suna cikin aljihun babbar rigata mai ruwan toka, ba wadda ta sani ba, ɗayar. Daga nan allo ya yi baƙi.

Da na cire abin kunnen ban ji motsin kowa ba, sai da na waiwaya na tarar yara sun zube a ƙasa suna riƙe da ciki, sajen ya juya wa jama'a baya kafaɗunsa suna rawa. Ashe makirufon a haɗe yake da lasifikar ɗakin, domin 'yan kallo su amfana da hirar malami da ɗalibi. Ashe kuma autan Hajiya mai koko yana sahun gaba.

Na fito ina dafa bango, na ce wa hafsan ya kamata a rage girgizar na'urar saboda masu shekaru. Ya durƙusa ya nuna mini ƙusoshin da aka kafe ta da su a ƙasa, ya ce akwai manyan na'urori masu ƙafafun ƙarfe da suke motsi da gaske, amma wannan ko gezau ba ta yi. Ya ce ido ne yake gaya wa ƙwaƙwalwa ana juyawa, sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki kuma yana cewa a zaune ake, saɓanin nan ne yake kawo jiri da tashin zuciya, har ga ƙwararrun matuƙa. Na karɓi maganar ƙwararrun matuƙan, sauran kuwa ban yarda ba, domin ni ne na zauna a ciki, kuma na san abin da ƙuguna ya ji.

Duk da cewa babu wayar da ta ɗauki hoto, labarin ya riga bas ɗinmu isa Maamobi, ta hanyar da har yanzu ban gano ba. Kafin sallar isha'i na zama Kyaftin daga Kawukudi har kasuwar Nima. Wani ɗalibina da na tsawata wa saboda ya saki kuloci da gaggawa ya dube ni cikin natsuwa ya ce, "Masta, in tura gaba ne ko in ja baya?" Uwargida kuwa ba ta ce komai ba, illa dai da na duba aljihun riga mai ruwan toka na tarar an riga ni.

Washegari da asuba Hajiya mai koko ta tare ni a gaban jama'a, ludayi a hannu, ta ce, "Kyaftin, barka da sauka. An ce ka bar mini saƙo." Na yi mata bayani cewa wasiyya ba ta aiki sai mai ita ya rasu, ni kuwa ga ni a tsaye. Ta ce ita ba ta karanta fiƙihu ba, amma tana da shaidu cikin bas guda, har da soja mai igiya uku. Muka kai maganar gaban limamin masallacinmu, wanda ya saurari ɓangarorin biyu yana ta gyaran murya yana kare baki da carbi, sannan ya yanke hukuncin cewa abin da na yi iƙirarin bashi ne, kuma iƙirari yana kama mai shi ko da ransa. Na ranci kuɗin a wurin sakataren ƙungiya na biya, shi kuma ya rubuta mini takarda na sa hannu, sannan ya sanar da ni cewa ya riga ya aika wa sojojin ruwa wasiƙa a Tema, kuma ya sa sunana a farkon jerin masu rakiya.