Ai na yi ajiya

Waɗanda suka san laftof ɗina sun san Ubuntu 20.04 ce a kanta tun zamanin korona, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin aikin Windows. Da wa'adin shekara biyar na aiko mata da gyare-gyare ya cika a 2025, na kai maganar majalisa. Injiniya ko ɗago kai bai yi ba ya ce in kwashe kayana a filashi, in yi mata fomatin, in zuba 24.04 sabuwa fil. Wai idan na ce ɗaurawa zan yi a kan tsohuwar, ba a tsallake aji, sai na bi ta 22.04 tukuna, hawa biyu ke nan, kowanne da rigimarsa. Na ce Allah ya sawwaƙe, fomatin ai aikin 'yan koyo ne. Da ƙarfi na faɗa, har mai shayi ya juyo.

Hawan farko lafiya lau. Ana tsakiyar na biyu aka ɗauke wuta, batirina kuwa ba ya iya jiran mutum ya idar da alwala. Da wuta ta dawo na kunna, sai baƙin allo da wani ɗan farin layi yana ƙifta mini ido. Kunya ta hana ni kiran Injiniya. Na ari kwamfutar ɗan ƙanwata, na ƙona datar dare wajen sauko da 24.04, kusan giga shida, na zuba a filashi, na danna Erase disk, wato goge komai, hankalina kwance, tunda ai na yi ajiya.

Washegari bayan isha'i na isa majalisa da laftof a hammata kamar wanda ya zo karɓar bashi. Injiniya ya duba, ya ce madalla, ashe dai fomatin ɗin aka yi. Na ce yanayi ne. Ya ce to kawo ajiyar mu mayar maka da kayanka.

"Tana cikin folda," na ce.

"Wace folda?"

"Na sa mata suna AJIYA, da manyan baƙaƙe."

"A ina take, Malam?"

"A Desktop mana."

Ya ajiye kofinsa a hankali. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. "Desktop ɗin wace kwamfutar?"

Wallahi sai da na buɗe baki zan amsa, har na ɗaga yatsa ina nuna ta, sannan abin ya sauko mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Yatsan ya tsaya a iska. Ban san inda zan kai shi ba, sai na sosa kunne da shi.

Injiniya bai yi dariya ba, shi ya fi ciwo. Cikin tausayi ya ce ai lokacin da allon ya yi baƙi komai nawa yana nan daram. Da na zaɓi Try Ubuntu daga filashin nan, wato kunna ta ba tare da goge komai ba, da na kwashe kayana tsaf, wataƙila ma da umarnin dpkg --configure -a kaɗai ya ƙarasa aikin da wuta ta katse. Ashe mara lafiya suma ya yi, ni na yi masa sutura.

Wanda ya yi dariyar shi ne Tela. Tela fa! Mutumin da wayarsa 'yar tocila ce, da kyauro ya ɗaure murfinta, ko Desktop bai san ci ake yi ko sha ba. Amma ya tuntsire har shayi ya fito masa ta hanci, yana dukan benci yana cewa, "Ya ɓoye kuɗi a ɗaki, ya cinna wa ɗakin wuta!" Sau huɗu ya maimaita, duk wanda ya zo sai ya faro masa daga farko. Wannan Telan ne shaddata take hannunsa tun ƙaramar Sallah. Kullum "jibi, in sha Allahu". Ranar nan na gan ta a ƙasan teburinsa ya ɗora mata dutsen guga, ko yankawa bai yi ba, kuma ya karɓi rabin kuɗi. Shi ne yau yake koya wa mutane ajiya.

Sabuwar Ubuntu dai tana gudu, ba laifi, tunda babu komai a cikinta. Uwargida ta tambayi hotunan sunan yarinyarmu, na ce mata ana kan aiki. Gobe zan leƙa wajen Tela.