Matasan Ikkilisiya, Me Waƙar Nan Take Faɗa?

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, na tarar da wasu matasanmu a gindin darbejiyar da ke harabar majami'a, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, suna tura wa juna sababbin waƙoƙin yabo ta Xender. Da farko raina ya yi fari, domin matashin da yake neman waƙar yabon Ubangiji a wannan zamani ya cancanci a sa masa albarka. Sai na tambayi wata yarinya cikin mawaƙanmu abin da waƙar da take ta maimaitawa take faɗa. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ni dai ban san ma'anarta ba, amma tana ratsa jiki." Wannan amsa ce ta sa na ga ya wajaba in yi muku magana, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kada wani ya ɗauka sabuwar waƙa nake ƙi. Zabura ta 33, da ta 96, da ta 98, da ta 149 duk suna kiranmu mu raira sabuwar waƙa ga Ubangiji, kuma cikin waƙoƙin da ake fitarwa yau, daga Jos da Kaduna har zuwa Legas da Amurka, akwai masu gina ruhu ƙwarai. Abin da yake ɓata mini rai shi ne zaɓen tumun dare da kuke yi, kuna kwasar waƙa saboda kiɗanta da muryar mai rerawa, ba tare da kun tsaya kun auna kalmominta ba, sa'an nan ku shigar da ita cikin ibadarku ta kullum.

Ku dubi yadda waƙoƙin suke zuwa hannunku. YouTube da Boomplay da Audiomack suna miƙo muku abin da jama'a suka fi saurara da abin da ya yi kama da wanda kuka ji jiya, kuma na'urar da take wannan zaɓe ba ta san gicciye ba, ba ta san tuba ba, yawan masu dannawa kawai take ƙirgawa. Wani kuma guntun amshi ya tsinta a TikTok, bai taɓa jin baitin farko ba balle na ƙarshe, amma kafin la'asar ya riga ya ɗora shi a WhatsApp yana cewa Ruhu ya sauko masa. Kyan ɗan maciji ke nan. Akwai waƙar da za a yi minti goma ana nanata layi ɗaya wanda babu koyarwa a cikinsa. Akwai wadda daga farko har ƙarshe mota ce da gida da ƙarin girma, sai kuma roƙon wuta ta cinye maƙiya, alhali Almasihu ya umarce mu a Matiyu 5:44 mu ƙaunaci maƙiyanmu mu yi musu addu'a. Akwai kuma wadda in ka cire sunan Yesu daga cikinta, saurayi zai iya aika wa budurwarsa ita ba tare da ya sauya harafi ɗaya ba. Duk waɗannan kuna rerawa da idanu a rufe da hannuwa a sama.

Manzo Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 14:15 cewa zai yi waƙa da ruhu, zai kuma yi ta da fahimta, a Kolosiyawa 3:16 kuwa ya haɗa waƙa da koyarwa da gargaɗi. Waƙa wa'azi ce, kuma ta fi wa'azin fasto daɗewa a zuciya, domin wa'azin kan ɓace kafin Laraba, amshi kuwa yana nan a bakinka kana wanka, kana bisa babur. Idan waƙar da Turanci take, ko Yarbanci, ko harshen Ibo, ba laifi ba ne, amma mene ne wahalar tambayar wanda ya ji harshen? Rashin sani ya fi dare duhu. Ta yaya mutum zai tsaya gaban Mahaliccinsa yana furta alkawarin da bai san ya ɗauka ba?

Abin ya kai ga wasunku sun mai da iyafis madadin addu'ar safe. Waƙa tana tashi a kunne, yatsu suna hira da abokai, Littafi Mai Tsarki yana rufe a kan taga, a haka mutum zai ce ya yi ibada. Su ne kuma masu zuwa majami'a a makare, su yi rawa lokacin yabo har gumi ya jiƙa riga, da an hau bagade domin wa'azi sai su sulale waje amsa kiran waya. Annabi Ishaya ya yi maganar masu girmama Allah da leɓe zuciyarsu tana nesa, Yesu ya maimaita ta a Matiyu 15:8, a Amos 5:23 kuwa Allah da kansa ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙi. Ku nemi sababbin waƙoƙi, amma ku nemi hankali tare da su, ku gwada su da Maganar Allah.

Da ba haka muke ba. Tun da aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, iyayenmu suke ɗaukar aya su mai da ita waƙa. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, da yawansu ba su yi zurfi a boko ba, amma da tulu da kacau-kacau suka koya wa ƙauyuka labarin ceto, kuma in ka kira lamba a Littafin Waƙoƙi za su rera baitocin duka da ka, su kuma bayyana maka ma'anar kowanne. Da dare uba yakan tara iyalinsa, a yi waƙa, a karanta sura, a durƙusa. Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi da abin da yake ajiye a zuciyarsu. Yau kuwa matashi yana da ɗaruruwan waƙoƙi a waya, amma ranar jana'iza, in aka ta da waƙar ta'aziyya a bakin kabari, tsofaffin mata ne suke ɗauka har ƙarshe, samari da 'yan mata suna tsaye a baya suna ɗaukar bidiyo, ko amshin ba su iya ba.