Mai sanda da masu goge: wa ke riƙe da wa?

Jama'a, duk wanda ya taɓa kallon kiɗan okestira na Turawa, ko da a waya ne, ya san mutumin nan da ke tsaye a gaba, ya juya wa 'yan kallo ƙeya, yana ta kaɗa wata siririyar sanda. Mutum tamanin zuwa ɗari na zaune, masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ganguna, kowa da takardar kiɗansa. Shi kaɗai ne ba ya fitar da sauti, amma da an gama shi ke juyowa ya karɓi tafi, sunansa ne kuma da manyan baƙaƙe a jikin fosta. Wasu sai su ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban yarda ba. Haka ma ban yarda da masu ɗaukar sa sarki mai wuƙa da nama ba. Ikon nan nasa aro ne, makaɗan ne suka ba shi, kuma ranar da suka ga dama suna iya karɓe abinsu.

Aikin dai akwai shi. Takarda tana gaya wa makaɗi abin da zai kaɗa, amma ba ta yanke masa ainihin saurin ba, ko inda za a ɗan ja numfashi, ko wanda zai sassauta don a ji wani. Mai busa da ke can baya ba ya jin masu gogen gaba sosai, in ma ya ji, sautin kan iso masa a makare. Dole a samu ido ɗaya da kowa zai bi. Yawancin wahalar ma a wajen gwaji ake shan ta, inda babu ɗan kallo ko ɗaya.

Ku dubi ƙungiyar okestira ta Berlin Philharmonic da ke Jamus. Tun asalinta a 1882, makaɗa ne suka yi wa ubangidansu Benjamin Bilse bore, suka ɓalle suka kafa tasu, kuma har gobe su ke zaɓen jagoransu da ƙuri'a. Herbert von Karajan ya riƙe su daga 1955 zuwa 1989. Mutumin da idonsa a rufe yake jagoranci, don sun san shi har ta kai motsin yatsa ya ishe su. Sai ga shi a farkon shekarun 1980 ya nace sai an ɗauki wata matashiya mai busa kilarinet, Sabine Meyer. Makaɗan suka jefa ƙuri'a suka ce a'a, wai sautinta bai saje da nasu ba. Karajan ya fusata, ya soke naɗar faya-fayai da tafiye-tafiyen da suke samun kuɗi da su. Daga baya ita da kanta ta tattara ta bar musu wurin, ta je ta yi suna a duniya ita kaɗai, amma tsakanin Karajan da mutanensa abu bai ƙara komawa daidai ba har ya ajiye aiki a 1989.

A wannan rigima kam, ni ina bayan dattijon. Ƙungiyar kusan duk maza ce a lokacin, kuma da wuya mutum ya yarda cewa kunne kaɗai ne ya yi hukunci. Masu rinjaye ma suna zalunci. Sai dai wanda ya fi kowa suna a harkar a zamaninsa ya kasa tursasa su, kuma wannan shi ne abin da nake nufi.

Da suka tashi maye gurbinsa, sai suka ɗauko Claudio Abbado ɗan Italiya, mutum mai sanyin magana, wanda babban abin da yake nanata musu shi ne su saurari juna. A watan Mayun 2015 kuma, da wani zaɓen sabon jagora ya taso, sun kulle kansu kusan awa goma sha ɗaya suna muhawara, suka fito ba su tsayar da kowa ba. A watan Yuni suka zaɓi Kirill Petrenko, wanda sau uku kacal ya taɓa tsayawa a gabansu, ga shi ba ya son hira da 'yan jarida. Sau ukun nan sun ishe su gane cewa in ya ɗaga hannu, jikinsu na son bi.

An gwada yi babu jagora, ba a ce ba a gwada ba. A Mosko an kafa wata okestira marar jagora mai suna Persimfans a 1922, suna zama suna fuskantar juna. Sun yi shekara goma, da gwaji mai cin rai, kuma ido na yawan komawa kan shugaban masu goge.

Shi ya sa faifai ba ya gamsar da ni a wannan kiɗa, domin yana ɓoye cinikin da ake yi da ido. A zauren Philharmonie na Berlin, wanda aka buɗe a 1963, kujeru sun zagaye dandamali, har da bayan makaɗa. Wanda ya zauna can yana kallon fuskar jagora kamar yadda su suke kallon ta: yadda yake jan numfashi tare da masu busa kafin sautin farko, yadda yake ɗaga wa mai busa obo gira, yadda wani lokaci yake sauke hannu gaba ɗaya ya bar su su tafi da kansu. Masana sauti za su ce kujerun gaba sun fi daɗin ji. Su je su zauna. Ni in Allah ya kai ni, tikitin kujerar baya zan saya.